Yadda zaka zaɓi kayan haɗa kwamfutar gem a Abuja, wadda zaka riƙa ƙara mata ƙarfi a hankali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan jiya ɗan yayata da ke Kubwa yake bina da magana ɗaya, "Kawu na tara 'yan kuɗina ina so in haɗa kwamfutar gem, amma dan Allah ba wadda zan yar bayan shekara 2 ba." Mun zauna da shi da biro da takarda har dare, kuma abin da na gaya masa shi zan kawo muku nan, domin na san akwai matasa da yawa a Gwarinpa, Lugbe, Nyanya da Mararaba da ke cikin irin halinsa, kuɗin ba su kai na sayen komai mai tsada lokaci ɗaya ba amma kuma sun fi ƙarfin a je a kwaso tarkace.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne wannan. Ka ga mutumin da ke gini yana da niyyar bene amma kuɗinsa na ƙasa ne kawai? Tun a faundeshan yake zuba rodin da zai ɗauki bene, ya zuba dekin kankare a sama, ya shiga ƙasan ya zauna, in Allah ya hore ya ɗora. Toh haka kwamfuta take. Faundeshan ɗinta abu 3 ne: madabod (babban faifan da ake dasa sauran kaya a kansa), fawa safulai (akwatin da ke raba wa kayan wuta), da kesin (gidan da ake sa komai a ciki). Su ne ba a son taɓawa, don canza su kamar rushe gida ne, sai ka kwance komai. Katin girafik kuwa (mai zana hoton gem) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) da SSD (ma'ajiyar gem da fayil) har ma da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), cirewa ne ka sa wani cikin minti 10 zuwa 20. Mafi yawan yaranmu akasin haka suke yi, su zuba duk kuɗin a kan kati mai fitilu sannan su sayi fawa safulai marar suna, wlh wannan abin yana ci min rai saboda na ga inda yake kai mutum.

Kafin mu shiga kaya, in wani ya ce maka ka sayi tsohuwar kwamfutar ofis irin siririn nan na HP ko Dell ka cusa mata kati, ka sani wannan hanya ce ta mai ƙaramin kuɗi sosai, tana aiki amma ba ta zuwa ko'ina. Da yawansu wayar wutarsu da madabod ɗinsu ƙirar kamfanin ce ta kansa, fawa safulai na kasuwa ba ya shiga, babban kati ma ba ya samun wuri. Ba ita muke magana ba yau.

Mataki na farko: wane gem, wace monita

Ka ɗauki takarda ka rubuta gem 3 da ka fi bugawa. In naka eFootball ne da EA Sports FC da Valorant da GTA V, gaskiya ba ka buƙatar wani dodon kati. In kuwa Warzone ne da sababbin gem masu nauyi, lissafin ya canza. Sannan monita, 1080p ko 1440p, wato lambar kaifin hoton allo? Ni shawarata ga mai matsakaicin kuɗi ya fara da 1080p mai inci 24 da ke gudun 144Hz (sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa) ko sama, don bambancin 60Hz da 144Hz ido yana ganinsa nan take, ya fi bambancin ƙarin kyan hoto. Ka tabbata tana da ramin DisplayPort.

Kuɗin kuma ka rubuta su da dala a gefe ko da naira zaka biya, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin waɗannan kaya dala yake bi, abin da aka gaya maka ranar Litinin ba lallai ka same shi haka ranar Juma'a ba. Kuma tun yanzu ka ware kuɗin UPS, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ka ajiye gefe kamar babu su, zamu zo kansa.

Mataki na biyu: soket, nan ne maganar take

Soket shi ne gurbin da firosesa ke zama a kan madabod, kuma shi ke yanke hukuncin ko kwamfutarka zata girma ko a nan ta tsaya. Mutane suna tambaya "AMD ko Intel?", wato kamfanoni 2 masu ƙera firosesa, kamar maganar Madrid da Barcelona, alhali tambayar da ta dace ita ce wane soket ne har yanzu ake yi masa sabon firosesa.

AMD sun fito da soket ɗin AM4 a 2016, kuma sun yi abin a yaba, wanda ya sayi madabod B450 ya sa ƙaramin Ryzen (sunan firosesan AMD), bayan shekaru ya sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin kanta, ya ɗora 5800X3D na 2022 ko 5700X3D na 2024 a kan madabod ɗin nan dai, kwamfuta ta koma sabuwa. Irin wannan muke nema. Sai dai AM4 yanzu ya tsufa, tsarin Ryzen 5000 shi ne iyakarsa. Magajinsa AM5 ya zo a watan Satumban 2022 tare da Ryzen 7000, Ryzen 9000 ma a kansa suka zauna a 2024, kuma kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 ko bayan haka.

Intel kuwa LGA1700 ya ɗauki tsara ta 12, 13 da 14, daga nan suka rufe shi suka koma LGA1851 a watan Oktoban 2024. Core i5-12400F firosesa ne mai kyau, mai araha, ba zan kushe shi ba, amma in ka tashi hawa sama manyan tsara ta 13 da 14 ne a gabanka, su kuma su ne aka yi ta fama da matsalar lalacewarsu a 2024 har sai da aka fitar da gyara ta BIOS, ga cin wuta ga zafi, kuma na hannu ba zaka san wahalar da ya sha kafin ya zo hannunka ba.

Saboda haka ni dai AM5 na ce wa ɗan yayata, kuma shi nake ce maka. Wahalarsa ɗaya, RAM nau'in DDR5 kawai yake karɓa, ita kuma ta fi DDR4 tsada, balle tun ƙarshen 2025 da farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda manyan kamfanonin AI suna kwashewa. In ka buga lissafi ka ga AM5 zai cinye kuɗin katinka gaba ɗaya toh ba abin kunya ba ne ka koma Ryzen 5 5600 da madabod B550, zata yi maka aiki shekaru, kawai ka shiga da sanin cewa hawa ɗaya ya rage maka a wannan benen.

Firosesa kar ka wahalar da kanka

Ryzen 5 7600 ya isa. Kwakwalwa 6 gare shi, wat 65 aka rubuta masa, na cikin kwali yana zuwa da 'yar fankarsa, kuma yana da ƙaramin girafik a cikinsa wanda ba na gem mai nauyi ba ne amma zai nuna hoto. Wannan ƙaramin abu yana da rana fa, in kuɗin kati basu cika ba zaka iya haɗa kwamfutar ka fara aiki da ita, in kuma wata rana kati ya samu matsala da shi zaka gane ko katin ne ko wani abu daban. Akwai 7500F da ya fi araha, kusan ƙarfinsu ɗaya, amma harafin F ɗin nan yana nufin babu girafik a ciki, ba kati ba hoto. 9600X ma yana nan in ka same shi farashi kusa da 7600 ka ɗauka. Shi kuma 8600G girafik ɗinsa na ciki ya fi ƙarfi, zai buga eFootball ba tare da kati ba, amma ran da ka sa babban kati 7600 zai wuce shi, don haka sai wanda ya san zai daɗe bai sayi kati ba.

Kar ka sa ido kan 7800X3D ko 9800X3D yanzu, wato manyan firosesan AMD na gem masu X3D a ƙarshen suna. Su ne benen da zaka ɗora nan gaba lokacin da farashinsu ya sauko.

Mataki na uku: madabod

Ka nemi madabod ajin B650 ko B850. A620 ya fi araha amma da yawansu an rage musu abubuwa, X670 da X870 kuma kuɗi ne zaka biya na abin da ba zaka yi amfani da shi ba. Irin su MSI PRO B650M-A, Gigabyte B650M DS3H, ASRock B650M Pro RS ko ASUS TUF B650 duk suna cikin sahun da nake nufi. Amma kar ka tsaya kan suna, ka riƙe madabod ɗin a hannu ka duba.

Ka kalli gefen soket ta hagu da ta sama, akwai wasu ƙananan abubuwa a jere da ke tace wutar da firosesa ke sha, VRM ake ce musu. Ka tabbata akwai ƙarfe mai kauri a kansu da ke kwashe zafi, in tsirara suke ka ajiye, domin a zafin Abuja na watan Maris da Afrilu in ka ɗora babban firosesa nan gaba su ne zasu zame maka ƙarfen ƙafa. Ka ƙirga ramin M.2, wato inda ake sa SSD, a ƙalla 2, ɗaya na yau ɗaya na gobe. Ka duba baya ko akwai ɗan maɓallin sabunta BIOS da filash ba tare da firosesa ba, galibin na AM5 suna da shi, kuma yana ceto sosai in ka sayi B650 da ya daɗe a shago ka haɗa shi da Ryzen 9000. In da MiFi ko rauta kake shiga intanet kuma tana wani ɗaki, ɗauki mai Wi-Fi a jiki, Bluetooth ɗinsa ma zaka haɗa hannun gem da shi.

Sai abu mafi muhimmanci a kasuwa. A AM5 alluran suna cikin soket ɗin madabod ne ba a jikin firosesa ba kamar AM4, guda 1718 ne sirara kamar gashi. Kafin ka biya ka ce a buɗe murfin a gabanka, ka haska fitilar waya ta gefe, in ka ga wani wuri yana ƙyalli daban da saura toh allura ta lanƙwashe. In ka kai gida ka gano, ba mai yarda ba kai ka yi ba.

RAM

32GB, wato sanda 2 na 16GB da aka sayar tare a kwali ɗaya, DDR5 mai gudun 6000 da CL30 ko CL36 (lambar jinkiri ce, ƙarama ta fi). Nan ne Ryzen ya fi jin daɗi. Mutane suna cewa in sayi 2 yanzu in ƙara 2 daga baya tunda rami 4 ne, toh a DDR5 sanda 4 sau da yawa sai gudun ya sauko, don haka 2 masu girma sun fi 4 ƙanana. In kuɗi sun matse ka sayi 16GB ɗaya na kamfanin da ake samu ko'ina, Kingston, Corsair, Crucial ko TeamGroup, ka rubuta lambarsa ka ajiye, da ka samu sarari ka nemo ɗan uwansa sak. Zaka rasa ɗan gudu kafin lokacin amma ba ka yi asarar komai ba. Wurin sawa rami na 2 da na 4 in ka ƙirgo daga firosesa. Kuma ka kula kar a ba ka na laftof, gajeru ne basa shiga.

Mataki na huɗu: katin girafik

Nan kaso mafi girma zai tafi, kamar ɗaya cikin uku na kuɗin ko sama da haka kaɗan. Abu 2 nake dubawa kafin suna, girman ma'ajiyar katin wato VRAM, da wutar da yake sha.

VRAM ba a ƙara shi, yadda ka saya haka zai mutu. 8GB yana yi a 1080p yau, amma sababbin gem suna cika shi in ka ɗaga kyan hoto ko ka koma 1440p, sai ka ga gem yana tafiya lafiya can kuma ya riƙa sarƙewa. RTX 4060 na 2023 da RTX 5060 na 2025 duk 8GB ne, duk a dala 299 aka fito da su. RX 9060 XT mai 16GB a dala 349 ya fito, RTX 5060 Ti mai 16GB a dala 429, Intel Arc B580 mai 12GB kuma dala 249 a Disamban 2024. Wannan farashin Amurka ne ranar fitowa, a nan sai ka ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribar mai shago, amma yana taimaka maka ka gane in ana so a yanke ka. Ka lura 9060 XT da 5060 Ti kowanne yana da mai 8GB da mai 16GB kuma kwalinsu kusan iri ɗaya, ka karanta da kyau. In da hali ni 9060 XT mai 16GB zan ɗauka. In kana haɗawa da aikin bidiyo ko Blender ko kana yaɗa gem kai tsaye, na Nvidia, wato masu sunan RTX, sun fi samun goyon bayan manhajoji.

Maganar wuta kuwa, RTX 4060 wat 115 yake sha, RX 6600 wat 132, RX 6700 XT wat 230, RX 7800 XT wat 263. Wanda ke kan sola da inbata ko ƙaramin janareta wannan lamba ta fi masa komai. Ryzen 5 7600 da 4060 da monita duka basa wuce wajen wat 300 ana tsaka da gem, awa 4 kenan yunit 1 da ɗan wani abu, wanda ke Band A da ake sayen yunit sama da naira 200 tun Afrilun 2024 ya san abin da nake nufi.

Yanzu na hannu, tokumbo. Ba haramun ba ne, hasali ma tunda kati shi ne abin da zaka fara canzawa, sayen RTX 3060 mai 12GB ko RX 6700 XT na hannu dabara ce mai kyau. Amma ka sani tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da kati a Satumban 2022 katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, wasu an wanke su an sa a sabon kwali. Kar ka biya sai an sa shi a kwamfuta a gabanka. Ka zo da filash ɗinka da manhajojin gwaji GPU-Z da FurMark a ciki. GPU-Z zai nuna maka ainihin sunan katin da girman VRAM, FurMark kuma ka bar shi ya yi minti 15 zuwa 20 kana kallon zafi, kana kallon allo ko wasu ɗigo-ɗigo ko layuka zasu fito, kana sauraron fanka ko tana ƙara kamar tana gogar wani abu. Ka gwada kowane rami na baya. Ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwancewa. In mai kaya ya ce "Alhaji ba wuta yanzu, ka tafi da shi in da matsala ka dawo", ka ce masa "Oga ba komai zan jira a tada janareta", in ya ƙi ka yi gaba, gani ya kori ji.

Abu 2 da ake yawan cutar sababbin shiga da su: RX 580 mai 2048SP, wanda a gaskiya ƙarfin RX 570 gare shi don na ainihin 2304 ne, da kuma tsofaffin katuna da ake canza wa suna su koma GTX 1050 Ti, in ka ga ramin VGA mai shuɗi a jikin irin wannan kati ka ajiye shi kawai.

SSD ba dogon zance. NVMe mai 1TB, PCIe 4.0, na Samsung, WD, Crucial ko Kingston. Gem ɗaya yanzu yana iya cin sama da 100GB, 512GB ba ya kai ko'ina. PCIe 5.0 kuma tsada ce da zafi, a gem ba zaka ji bambanci ba. Jabu sun yi yawa musamman masu sunan Samsung, ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga awa nawa ya yi yana aiki, sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwan awanni ba.

Mataki na biyar: fawa safulai da wutar gidanku

Dan Allah ka nutsu a nan. Shekarun baya ina zaune a Dutse Alhaji na haɗa wa wani abokina kwamfuta, komai mai kyau, sai kuɗi suka ƙare a kan fawa safulai muka ɗauki wani mai sauƙi da aka rubuta wa wat 650 a jiki, ba nauyi kamar gwangwani. Wata 4 aka yi, aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, ya tafi da madabod da SSD da duk aikin makarantarsa da ke ciki. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Sayen nagari mai da kuɗi gida, a nan ne wannan magana ta fi zama gaskiya.

Ka sayi wat 750 ko da abin da ka haɗa yau rabin haka ma ba ya sha, domin katin gobe ne kake saya wa. Ba ya jan wat 750 daga bango fa, abin da kwamfuta ta nema kawai yake ja, mutane da yawa suna tsoron wannan a banza. Ka nemi mai tambarin 80 Plus Gold, ko Bronze na kamfanin kirki irin Corsair, Seasonic, MSI, Cooler Master ko be quiet!, kuma in da hali mai tsarin ATX 3.1 da ke da sabuwar wayar nan mai fil 16 da manyan katunan Nvidia ke amfani da ita. Masu kyau garantinsu yana kai shekara 7 zuwa 10, ko da kai shi daga nan wahala ne, alama ce ta yadda kamfanin ya yarda da kayansa. Fawa safulai kam sabo, ban yarda da na hannu ba.

Ga wani abu da ba kowa ke dubawa ba. Ka karanta takardar da ke manne a jikinsa, wani an rubuta 100 zuwa 240V, wani kuma 200 zuwa 240V kawai. Wutarmu 230V ce a takarda amma kowa ya san yadda take yin ƙasa da yamma in kowa ya kunna AC, don haka ɗauki mai 100 zuwa 240. Sannan in ka sayi wanda ake cire wa wayoyi, kar ka kuskura ka yi amfani da wayar wani fawa safulai a jikin wani ko da ta shiga daidai, jerin wutar ciki ba ɗaya ba ne, tana ƙona kaya nan take.

UPS kuma kar a ruɗe ka da VA, lambar ƙarfin da ake rubutawa a jikinsa. Mai 650VA wat ɗinsa na gaskiya bai kai 400 ba, gem yana ɗaukar zafi aka ɗauke wuta zai iya mutuwa tare da kwamfutar. Ka nemi 1500VA, kuma in da hali mai fitar da wuta lafiyayya da ake rubuta wa pure sine wave, don fawa safulai na zamani wasunsu basa shiri da wutar ƙananan UPS. Aikinsa ba ka ci gaba da gem ba ne, ya ba ka minti kaɗan ka kashe ko a tada inji. In kana da inbata mai kyau a gida toh ka huta. In kesin yana ɗan jan ka in ka taɓa shi da ƙafa a ƙasa, gidan ba shi da at mai kyau, wato wayar da ke kai wuta cikin ƙasa, ka kira mai gyaran wuta ya kafa maka. Da damina kuma in hadari ya taso da tsawa ka zare filogi daga bango gaba ɗaya, kashe makunni kawai bai isa ba.

Kesin da sanyaya

Kesin mai gilas gaba da gefe yana da kyau a hoto, amma a ɗakin da ba AC tanda ne. Ka ɗauki mai raga a gaba, fanka 2 ko 3 suna shigo da iska, 1 a baya tana fitarwa, da matatar ƙura da ake zarewa a wanke. In iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa ƙura ba ta samun shiga ta ƙananan ramuka, wannan yana da amfani sosai daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hazo. 'Yan uwanmu na Jos sanyi ya rage musu rabin wahala amma ƙura kam har su. Kar ka ajiye ta a ƙasa kan kafet, ɗora ta kan tebur ko benci, kuma duk wata ka wanke matatar.

Ka sayi kesin ATX ko da madabod ɗinka ƙarami ne, ka duba tsawon katin da yake ɗauka, ya kai milimita 330 ko fiye, domin manyan katuna masu fanka 3 dogaye ne. Fankar da ke zuwa da 7600 tana aiki amma tana ihu da zafi, in ka samu Thermalright Peerless Assassin 120 ka sa, ba tsada, kuma zata riƙe har X3D ɗin da zaka saya nan gaba, tsayinta ya ɗan haura santimita 15 sai ka tabbata murfin kesin zai rufu. Mai sanyaya da ruwa ban ba ka shawara ba a wannan kuɗin, famfonsa in ya mutu sai dai sabo.

Shiga kasuwa

Kafin ka fita ka zuba duk kayan a shafin PCPartPicker, zai nuna maka in wani abu bai dace da wani ba. Ka rubuta cikakkiyar lambar kowane kaya. A Banex da ke Wuse 2 da filazojin da ke kewaye zaka samu da yawa, wanda babu kuma galibi daga Computer Village na Ikeja ake turowa, ka tambayi shago 3 ko 4 kafin ka ciro kuɗi, kuma ka shiga cikin shagon da kanka kar ka tsaya da masu tare mutane a bakin get. In aka ce "babu wannan amma ga irinsa", ka tsaya ka bincika lambar a wayarka tukuna, harafi ɗaya yana canza kaya. Rasit ya zama da siriyal lamba da kwanakin garanti a rubuce. In daga Legas za a turo, a yi maka bidiyon kayan yana aiki da siriyal ɗinsa a fili.

In ba zaka iya saye lokaci ɗaya ba, fara da kesin da fawa safulai da fanka tunda basa tsufa, amma madabod da firosesa da RAM ka saye su rana ɗaya don ka gwada su kafin kwanakin garantin shago su ƙare. Kati ya zo ƙarshe.

Ranar kunnawa

Karon farko AM5 yana iya yin minti 2 ko 3 allo baƙi yana gwada RAM, kar ka tsorata ka kashe. Wayar monita a jikin kati zaka sa ba a madabod ba, wannan kuskuren kusan kowa ya taɓa gani. Ka shiga BIOS ka kunna EXPO, in ba haka ba RAM ɗinka mai 6000 a 4800 zata riƙa gudu, ka kunna Resizable BAR musamman in katin Intel Arc ne don ba ya sakin jiki sai da shi. Sabunta BIOS kuwa sai kan UPS ko inbata, in wuta ta ɗauke a tsakiya matsala ce babba. Ka sa Windows 11 na asali daga shafin Microsoft da filash mai 8GB, tunda Windows 10 an daina tallafa masa tun 14 ga Oktoban 2025, ka guji irin wanda aka yi wa kwaskwarima ana sawa a kasuwa, Valorant ma a Windows 11 sai da saitin tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot yake tashi. Sannan ka shiga saitin allo ka mayar da monita 144Hz da hannunka, don sau da yawa a 60 take farawa.

Kwalaye kar ka zubar, da ɗan baƙin murfin soket ɗin nan, ka sa su saman wadrob, ran da ka tashi sayar da kati mai kwali da rasit ya fi daraja nesa ba kusa ba. Tsarin da muka rubuta da ɗan yayata shi ne SSD na biyu in na farko ya cika, sai kati da monita 1440p bayan shekara 2 ko 3 ya sayar da tsohon ya cika kuɗi, sai X3D a ƙarshe. Ya riga ya sayi kesin da fawa safulai suna ɗakin mamansa a ajiye, ranar Asabar in Allah ya kaimu zamu shiga Wuse 2 neman madabod, na ce masa ya cika cajin wayarsa saboda haska soket.